Sunan Tsohonmu a Kan Kwalin Faifai

Pirlinya, 9 ga Janairu, 2004

Yaya Audrey,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya zafi? Mu nan zafi ya kai inda kare ma ba ya yarda ya taka ƙasa da rana. Matata Lottie tana gaishe ki. Yara lafiya, sai ƙaramar da ke fama da ciwon ido. Inna tana can hayin rafi, a zangon mata masu takaba. Lottie ce ke kai mata shayi da wutsiyar kangaru, ta ce tana ci kaɗan-kaɗan, amma ƙafafun sun ƙara kumbura.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba, kin san ni da rubutu. Waya kuma ba zan iya ba, don ta ofis ce kaɗai ke aiki, kuma duk wanda ke zaune a baranda sai ya ji abin da mutum ya faɗa.

Ranar Talata ina sauke kaya a kanti, manaja ya miƙo mini takardar tallan finafinai da ke zuwa duk wata, wai in duba wanda matasa za su so. Ina buɗa shafi na biyu sai ga tsohonmu yana kallona. Ba fuskar nan ta farar ƙasa da muka sani a fim ɗin ba. Fuskarsa ta gaske, da hularsa, da tabon nan na gira. A ƙasa kuma ga sunansa cikakke da manyan baƙaƙe. An rubuta wai fim ɗin nan nasa, Rijiya Ta Tara, zai sake fitowa a faifai biyu na kallo a gida, an wanke hoton, har da hira da shi ta minti ashirin, da yardar iyalinsa.

Yaya, sati shida ke nan da binne shi. Mun tashi daga gidan, mun ƙone kayansa, ɗan maƙwabtanmu mai suna irin nasa an sauya masa abin kira. Kin san a wurinmu ba a kiran sunan mamaci, ba a kallon hotonsa. Sai ga ni tsaye tsakanin kwalayen gwangwani da fuskarsa a hannuna. Na yage shafin na cusa a aljihu, amma matar Kawu Ambrose tana bayana da kwandonta, ta riga ta gani. Ta saki kwandon ta fita tana kuka. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba.

Wane iyali ne ya yarda? Ni dai ba a tambaye ni ba. Na ce wa Kawu ƙarya Turawan suke yi, ba wanda ya sa musu hannu. Ki rubuto ki ce mini ban yi masa ƙarya ba.

Ƙanenki,
Clarrie

Adelaide, 17 ga Janairu

Clarrie,

Takardarka ta iso jiya. Ina nan lafiya. A riƙa wanke wa yarinyar ido da ruwan gishiri mai ɗumi, kada Lottie ta zauna jiran nas. Ƙafafun Inna kuma a tara bargo a ɗora su a kai in ta kwanta.

Ka yi wa Kawu ƙarya, amma ba da saninka ba. Ni na sa hannu. Kafin ka fara huci irin naka, nemi wuri ka zauna.

Kana goye aka yi fim ɗin nan, ni ina da shekara bakwai, da idona na gani. Turawa suka zo daga Sydney da manyan motoci, suna neman baƙin mutum da zai fito daga rijiya ya bi matafiya yana kashewa. Tsohonmu yana kiwon shanun Bature a lokacin. Suka shafe shi da farar ƙasa, suka zura shi cikin rijiyar gaske sau goma sha ɗaya, har igiya ta saɓule masa fatar hammata. Da fim ya fito aka kawo aka haska mana a bangon makaranta. Da aka zo ƙarshe inda sunaye ke hawa, ya sa malama ta karanto masa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai direba, akwai mai dafa abinci. Akwai Sajan, karen da ke yi masa haushi a bakin rijiya. Shi babu. Ya yi dariya ya ce ashe kare ya fi shi iya wasa. Kai dariyar ka taso kana ji, ni kuwa na ga fuskarsa kafin ya yi ta.

Shekara ashirin da shida yaran Turawa suna yawo da hoton dodon rijiya a riga, ba wanda ya san ko ɗan wane ne. Bara wani kamfani ya sayi fim ɗin. Wata mata a cikinsu, Misis Kershaw, ta yi ta cigiya har ta same shi kwance a asibitin da nake tafinta. Ya sa na ɗora masa hula, ya ce a zare masa robar hanci. Minti ashirin yana magana, rabi da Turanci, rabi da yarenmu ina fassarawa, masu kamara suna dariya har da hawaye. Da suka fita ya kama wuyan hannuna ya ce, "Ke mai baki, ki tsaya musu a kai. A sa sunana babba, a gaba, sama da na karen."

Na ce, "Na yi alkawari."

Ya ce, "Ko na tafi."

Na ce, "Ko ka tafi."

Kwana goma sha tara bayan nan ya tafi.

Za ka ce me ya hana ni faɗa da na zo binne shi. Tsoro ne, ba komai ba. Na zaci abin zai ja shekara biyu, kafin nan Inna ta fita takaba an buɗe mata baki ta koma magana, an saki kiran sunansa, kowa ya huta. Ban san suna da gaggawa haka ba, kuma ko a mafarki ban kawo tallar za ta kai kantinmu ba.

Na je wurin Misis Kershaw yau da safe. Ta ce za su sa gargaɗi a farkon faifan cewa akwai hoto da muryar wanda ya rasu. Ka kai wa Kawu wannan. Sannan ka gaya mini abin da Inna ta ce, don mijinta ne, ba mijin Kawu Ambrose ba.

Yayarka,
Audrey

Pirlinya, 28 ga Janairu

Yaya Audrey,

Gaisuwa mai yawa. Idon yarinya ya washe, ruwan gishirinki ya yi aiki. Labarin Inna ne ba daɗi. Nas ta haye rafi ta duba ta, ta ce zuciyar tana tara ruwa, tana so a ɗauke ta a jirgi zuwa Alice Springs. Inna ta kaɗa hannu ta ƙi, sai an yi sharar makoki tukuna, an share sawunsa da rassan itace. An sa ranar ashirin ga Maris. Nas ta ja Lottie gefe ta ce in akwai mai son ganinta, kada ya yi ta ɗaga zuwa.

Na kai wa Kawu saƙonki. Ya tara dattawa a gindin bishiyar bayan coci, na karanta musu takardarki, ban da wurin da kika ce ba mijinsa ba ne. Da na zo maganar gargaɗi ya ce, "Sai maciji ya sare ka sannan a miƙo maka takarda wai akwai maciji? Matata gargaɗin me ta gani a kanti?" Ba wanda ya yi dariya.

Ga abin da suka yanke. Tsohon fim ba ruwansu da shi, ya daɗe a duniya, kuma farar ƙasa ta rufe fuskar. Amma fuskarsa ta gaske, da muryarsa, da sunansa, ko ɗaya kada ya rage. Kawu ya ce muna nan muna shirin share sawunsa don ya kama hanya ya tafi ƙasarsa ya huta, ke kuma za ki tashe shi a ɗakunan mutane dubu yana magana. Ya ce mamaci in ya ji ana kiransa juyowa yake yi, kuma wurin matarsa zai fara zuwa, ita kuwa ga yadda take.

In faifan ya fito a haka, kada ki zo ranar shara. Ba mai ba ki reshen shara, mata za su juya miki baya, kuma ba za a bar ki ki shiga wurin Inna ba. Na roƙe shi, Yaya. Na ce alkawari kika ɗauka. Ya ce marar lafiya yakan faɗi abubuwa, shi ya sa ake da masu lafiya.

Ni ban san inda zan sa kaina ba. Shekara tara ni ke kai shi farautar guza, ni ke gyara masa mota, ko sau ɗaya bai ce mini abin yana cinsa ba. Ke ya gaya wa. To, ke ce mai baki, ni mai sauke kwali. Ban ce haka don in ɓata miki rai ba, abin dai ya yi mini zafi.

Kin tambayi abin da Inna ta ce. Kin daɗe a birni har kin manta? Mai takaba bakinta a rufe yake, da hannu take magana. Kawu ya ce maganarsa ita ce maganarta.

Don Allah ki hana su. Ina so in gan ki a nan.

Clarrie

Adelaide, 5 ga Fabrairu

Clarrie,

Ina gaishe ka, ina gaida Lottie da yara. Maganar nas na gane ta sarai, irinta nake fassara wa mutane kullum. A rage wa Inna gishiri, a daina ba ta naman gwangwani ko ta nema.

Ban manta komai ba, kada ka ƙara rubuto mini haka. Misis Kershaw ta ba ni samfurin kwalin, ka san abin da na yi da shi? Tawul na rufa masa na tura ƙarƙashin gado, ko leƙawa ban iya ba. Jiya kuma aka kira ni in yi wa wata tsohuwa daga arewa tafinta. Tana ganina ta juya fuskarta bango, ta ce a kawo mata wata. Labari ya riga ya iso har nan. Na shiga ɗakin ajiyar zannuwa na yi kukana, na wanke fuska na koma aiki.

Na roƙi Misis Kershaw ta ɗaga fitowar da shekara biyu. Har durƙusawa na yi, ni Audrey, a ofishin Baturiya. Ta ce ba a hannunta yake ba, an riga an kama rana a masana'anta. Abu biyu ne kawai. Ko ya fita yadda yake, ko a cire shi gaba ɗaya, hoto da hira da suna. Ta ba ni zuwa ashirin da bakwai ga wannan wata. Bayan nan bakin alƙalami ya bushe.

Gaba kura, baya sayaki. In na bari ya fita, ƙila ba zan ƙara ganin Inna da rai ba. In na cire, na ci amanar mutumin da ya riƙe hannuna yana numfashi da ƙyar. Kai kana ganin gata ya yi mini da ya zaɓe ni? Da ma kai ya ɗora wa.

Yanzu ka buɗe kunne. Ban tambaye ka maganar Kawu ba. Na san Kawu, tun ina yarinya maganarsa ita ce maganar kowa, har da wanda bai buɗe baki ba. Abin da nake so in sani shi ne, an je an tambayi Inna ko ba a je ba? Na san kai namiji ne, ba ka shiga zangon, kuma maganar hannu ba ka iya ta ba sai "zo" da "shayi". Ka tura Lottie. Ta zauna kusa da ita ta gaya mata komai, ta kalli hannunta da kyau, ta rubuto mini abin da ya faɗa, kada ta ƙara kada ta rage.

In Inna ta ce a cire, zan cire, in ɗauki alhakin a wuyana. In ta ce a bari, zan bari, ko da ba zan ƙara taka Pirlinya ba. Ita kaɗai zan bi. Ka amsa mini da jirgin farko, Clarrie, na roƙe ka.

Audrey

Adelaide, 20 ga Fabrairu

Clarrie,

Ina fatan kuna lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Ni kaina ke ciwo kwana huɗu ke nan, abinci ba ya shiga.

Kwana goma sha biyar, ko layi ɗaya. Kullum in na taso aiki sai in buɗe akwatin wasiƙu, sai takardun talla. Wayar ofis a mace take. Na ji a rediyo ana ruwa a arewa, na ce to ƙila shi ne. Shekaranjiya da ƙyar na samu lambar wayar tauraron ɗan'adam ta asibitinku. Wata sabuwar nas ce ta ɗauka, ba ta san kowa ba. Ta ce rafi ya kawo, ba ta gan ka ba. Na ce ta nemo mini kowa daga gidanmu. Ta tafi ta daɗe, ta dawo ta ce ta samu wani dattijo Ambrose, ya ce a gaya mini babu saƙo gare ni.

Babu saƙo. Na san abin nan, Clarrie, a cikinsa na girma. Ba a zagin mutum, ba a korarsa, daina amsa masa kawai ake yi. Shiru ma magana ce. Amma ban taɓa zaton kai ma za ka shiga ciki ba. Ni na goya ka, ni na cire maka ƙaya a ƙafa, ni na tare maka duka ranar da ka kifar da motar tsohonmu a rafi.

Ko Lottie ta je, Inna ta ce a cire, kuna jin nauyin gaya mini? Ku faɗa, ba zan mutu ba. Ko ta ce ma kada a ƙara ambata mata ni? Shi ma ku faɗa.

Saura kwana bakwai.

Audrey

Adelaide, 28 ga Fabrairu

Clarrie,

Ina gaishe ku duka. Ina gaida Inna, in har za ta karɓa.

An gama. Jiya na jira mai kawo wasiƙu har ya zo ya wuce, sannan na hau bas na je ofishinsu. Na ce wa Misis Kershaw a cire. Ta tambaye ni sau uku ko na tabbata. Na ce ta ba ni biro kafin in zage ta, alhali ba ta yi mini komai ba.

Ta ce to ko da an cire hirar daga faifai, in bari su kai kaset ɗin gidan adana tarihi, a rufe shi shekara biyar ko goma, ba mai taɓawa sai da izinin iyali. Har hannuna ta kama. Na so in yarda, wallahi na so. Amma na tuna ka rubuto cewa ko ɗaya kada ya rage. Na ce a raina in na bar wani abu a ɓoye Kawu ya ji, duk wahalar nan ta tashi a banza, za a ce 'yar birni ta sake yi mana wayo. Kayan mamaci ƙone su ake yi, na sani kamar yadda ka sani. Na tsaya a kan yaron kwamfutarsu har ya goge komai a gabana. Ta miƙo mini kaset biyu, su ke nan a duniya.

Yau da safe na fito da su tsakar gida, na sa a tsohuwar ganga, na karyo ganyen turare na rufa a kai, na kunna. Maƙwabcina ya leƙo ta shinge yana mitar warin roba. Na tsaya a cikin hayaƙin har ya mutu.

Sabon kwalin hoton rijiya ne kawai, ba kowa a bakinta. Sunayen ƙarshen fim kuwa suna nan yadda suke tun farko.

Ka je ka gaya wa Kawu na yi abin da ya ce, da ƙari. Ka sa Lottie ta gaya wa Inna ba mai kiran mijinta, ya tafi ya huta. Na ɗauki hutu daga sha bakwai ga Maris. Ku ajiye mini reshe. Ba na neman kowa ya yi mini magana, a bar ni dai in zauna kusa da ita in matsa mata ƙafa.

Audrey

Hayin rafi, 12 ga Fabrairu

Yaya Audrey,

Gaisuwa. Muna lafiya, Inna da sauƙi yau, ta ci burodin toka da shayi.

Takardarki ta biyar ga wata ta zo jiya. Gaskiya ɗaya ce, ba wanda ya tambayi Inna. Kawu bai je ba, don ƙane ba ya tunkarar yayarsa da zancen mijinta tana takaba. Ni ban je ba. Matan da ke tare da ita kuwa sun ɓoye mata don kada ciwo ya tashi. Da na rubuto miki cewa maganar Kawu ita ce maganarta, abin da ya ce na kwafa, na san kuma bai je ba. Na ji kunya.

Yau na ɗauko Lottie muka haye. Ina zaune a mota nesa da zangon, ta shiga ta yi awa biyu. Ga ta nan za ta rubuta da kanta. Hadari yana haɗuwa, muna gamawa za mu juya in sa wannan a jakar wasiƙu ta jirgi.

Yaya, Lottie ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, da tuni aka aike ni da an huta. Maza sun zauna gindin bishiya sun yanke, mai abin tana nan ba ta san ana yi ba.

Na zauna na gaya mata duka, tun daga kanti har alkawarin. Abu na farko da ta yi da hannu shi ne, "Wa ya tambaye ni?" Ta maimaita shi da ƙarfi har awarwaronta ya yi ƙara. Sauran ga shi yadda ta yi, ban ƙara ba.

"Shekara ashirin da shida yana damuna da zancen karen nan. A gaban yara dariya yake yi, ni nake shan mitar. Bakina a rufe yake, ba zan kira shi ba. Naku ma a rufe yake. Kwali ba ɗanmu ba ne, ba ya takaba. A bar shi ya riƙe sunan kafin mu iya ɗauka. Kada dai a kawo shi kantin nan, can ƙasar Turawa su gani, su suka manta."

Na ce mata Kawu yana tsoron zai juyo wurinta. Ta taɓe baki ta yi, "In ya zo ya zo, baƙona ne? Ambrose ni na raine shi, ku bar ni da shi. 'Yata za ta yi shara a gefena."

Sai ta kama hannuna ta sa na kalle ta sosai. "Da aka ɗauke shi a jirgi ban bi shi ba. Ban ji maganarsa ta ƙarshe ba. Ki ce ta kawo mini faifai ɗaya a naɗe cikin ƙyalle, zan sa a ƙarƙashin kaina, ba zan buɗe ba. Ranar da aka buɗe bakina a kunna mini in ji muryarsa. Yanzu shi nake jira."

Ta yi murmushi, Yaya, karo na farko tun da abin ya faru. Ki kwantar da hankalinki, ki bar su su buga.

Lottie

9 ga Maris. Yaya, ni ne kuma. Ba mu samu juyawa ba ranar. Rafi ya kawo kafin mu isa, sati uku muna wancan hayin, filin jirgi kuma ya zama tafki. Yau jirgi ya fara sauka. Na karɓi takardunki biyu na karanta su a tsaye, matuƙi yana jira. Na so in yaga wannan kada ki gani. Lottie ta fizge ta ce hakkinki ne.

Clarrie

Adelaide, 13 ga Maris

Clarrie,

Na gode da kuna raye. Ka gaida Lottie, ka ce mata ta yi daidai da ta fizge. Ni lafiyata ƙalau, abin haushin ke nan.

Ina gama karantawa na fita da silifas na je ofishinsu. An buga, an cika kwalaye, motoci sun ɗauka tun ranar Litinin. Na ce wa Misis Kershaw ko akwai wani abu da ya saura, ko a kwamfutar wani, ko guntun da aka yanke aka zubar. Ta kira mai kamara, ta kira mai ɗaukar sauti, ta sa aka zazzage kowace durowa. Babu. Ta ce, "Kin ce kada a bar komai, mun girmama maganarki." Haka ne. Sau ɗaya Turawa suka yi abin da muka ce daidai, ga shi nan.

Ba na ganin laifinka. Na nemi in gani, na kasa. Kawu ma abin da ya sani ya faɗa. Ni aka ba zaɓin ajiyewa, ni na kunna ashana.

Na dawo gida na ɗauki littafi na ce bari in rubuta hirar tun da ina wurin. Clarrie, ka san aikin tafinta? Magana tana shiga ta kunne ta fita ta baki, ba ka riƙe ta, don wata tana biye. Minti ashirin ina tsaye a gefen gadonsa, hankalina yana kan neman kalmar Turanci. Na tuna labarin igiya. Na tuna ya ce rijiyar tana da sanyi, yana jin motsin wani abu a ƙasa bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya ji tsoro. Na san ya yi maganar Inna wajen ƙarshe, ya faɗi yadda ta zo da ruwan ɗumi ta wanke masa farar ƙasar a bayan mota, sai ya ƙara wani abu da yarenmu ya ce kada in fassara. Masu kamara ba su gane ba, ni na yi dariya. Tun safe nake nema, na rasa abin da ya ce.

Shafi ɗaya da rabi na samu. Shi zan naɗe a ƙyalle.

Bas ɗina zai iso mararrabar Pirlinya ranar Alhamis da hantsi, ka zo ka ɗauke ni. Kada kowa ya gaya mata komai, ni zan shiga in gaya mata da kaina, ba zan bar ta ta kwana a kan ƙyalle tana zaton abin da ba shi ba. In ta yarda ta ajiye takardar, to. Inna ba ta karatu, ni zan karanta mata in Allah ya kai ta ranar da za a buɗe bakinta. Muryata za ta ji, Clarrie, ita kuwa tasa ta roƙa.

Yayarka,
Audrey